ELM327: ƴar na'urar gano abin da ke cinye ƙarfin inji, da inda take gazawa

Idan mota ta yi sanyin jiki, a taka totur ta yi ta nishi ba ta ci gaba, abin da aka saba a garejojin Damagaram shi ne a canza buji, a canza filtar esansi, in bai yi ba a ce pompo ne. Kowane zato kuɗi ne daga aljihun mai mota. ELM327, wadda girmanta bai wuce akwatin ashana ba sosai, tana rage wannan lalube, matuƙar mai riƙe da ita ya san abin da yake karantawa.

Ana soka ta a wata kafa mai ramuka 16 ƙarƙashin sitiyari, a murɗa makulli, a haɗa ta da waya ta Bluetooth, a buɗe manhaja irin Torque ko Car Scanner. Kafin ka saya, duba shekarar motarka. An wajabta sa wannan kafa a motoci a Amurka a 1996, a Turai kuwa 2001 ga motocin esansi, 2004 ga na gazuwal. Tsohuwar Peugeot 504, da tsofaffin Land Cruiser masu inji 1HZ da ke bin hanyar Tanut zuwa Agadas, ba ruwansu da ita.

Manhajar na nuna lambobin matsala da kwamfutar mota ta ajiye. P0301 zuwa P0304 na nufin silinda ɗaya ba ta cin wuta daidai, lambar ƙarshe ce ke nuna wacce. Kada ka sayi komai tukuna. Musanya bobin ɗinta, wato abin da ke ba buji wuta, da na kusa da ita: in lambar ta bi bobin, shi ne mai laifi, in ta tsaya inda take, koma kan buji da injekta.

Inda na'urar ta fi biyan kuɗinta shi ne P0171, wato iska ta rinjayi mai. Mutane da yawa na ganin wannan lamba su ruga sayen pompo, alhali manhajar tana nuna yawan man da kwamfutar mota ke ƙarawa don cike giɓi. Ƙarin da ya wuce kashi 10 cikin 100 alamar matsala ce. Bari inji ya yi zafi, karanta shi a tsaye, sannan ka kai shi juyi 2500 a minti. In ƙarin ya sauka, iska ce ke kutsawa ta fasasshen tiyo, abin da zafin ranarmu ke yi wa roba. In ya hau, ko mai ne ba ya isa, ko ma'aunin iskar da ke bayan filta ya yi datti. Na biyun ya yawaita a nan: ƙurar hunturu kan cika filta, a yi ta busa shi da iska har takardarsa ta yage, ƙura ta wuce ta kwanta kan siririyar wayar ma'aunin. A injin Corolla mai lita 1.8, gram 2 zuwa 3 na iska a sakan ake sa ran gani a tsaye. A wanke wayar da feshin da aka yi dominta, kada a taɓa ta da yatsa ko tsumma. In kuwa motar na shan man kwalba na bakin titi, a auna ƙarfin pompo da agogon auna matsi, ya kamata ya kai wajen bar 3.

Akwai abubuwan da ba ta gani ko kaɗan. Injin da zobensa suka cinye sai an auna matsin kowace silinda, kuma bambancinsu kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Kulocin da ke zamewa ba ya ba da lamba: sa giya ta 4 ka taka, in inji ya yi ƙara mota ba ta ƙara gudu ba, ka same shi. Birkin da ya riƙe ƙafa ma haka, sai ka ji zafin ƙafar bayan ƴar tafiya.

Galibin na kasuwa kwaikwayo ne, wasu ba sa magana da kowace mota, don haka gwada a motarka kafin ka biya. Mai iPhone ya nemi mai WiFi. Rubuta lambobin kafin ka goge su, domin gogewa na tafiya da bayanin lokacin da matsalar ta auku. Ka cire ta in ka gama, kafar tana da wuta ko mota a kashe take, kwanaki kaɗan za ta iya shanye batir.