Manhajar MLB a hannun masu gardamar besbol na Garwa da Marwa

Masu bin besbol a arewacin Kamaru ba su da yawa, amma gardamarsu ta fi yawansu. Da an gama World Series, jerin wasannin ƙarshe na fitar da zakara, a farkon Nuwamba, sai zance ya koma kan wanda ya tafi da wanda ya zo. A teburin mai shayi bayan isha'i, ana sanyin hunturu, za ka ji wani na cewa kulob ɗin New York Mets sun zubar da kuɗinsu a rijiya, na kusa da shi ya ce, "Haba Malam, ka duba lambobin yaron tukuna." Daga nan kowa sai ya zaro waya, kuma abin da akasari ake buɗewa shi ne manhajar MLB, wato Major League Baseball, babbar gasar besbol ta Amurka, wadda hukumar gasar da kanta ta yi. Hukuncinmu a kanta a taƙaice: a sauke ta, domin kyauta ce kuma tana da amfani, amma kada a biya kuɗin MLB.TV, sashenta na kallon wasanni kai tsaye, a lokacin hunturu da ba a buga gasa, kuma kada a ɗauke ta alƙali a kan maganar kuɗin kwantiragi.

Abin da ta fi ƙwarewa a kai shi ne faɗin abin da ya tabbata. Wanda ya tashi da kallon Coton Sport da wasannin Turai ya saba da mercato, inda kulob ke biyan wani kulob kuɗi ya ɗauke ɗan wasa. A besbol na Amurka ba haka ake yi ba. Ciniki ne na ba ni gishiri in ba ka manda: mutum a bakin mutum, wani lokaci a ɗora ɗan kuɗi a kai. A Disamba 2023 San Diego Padres sun ba New York Yankees Juan Soto da Trent Grisham, suka karɓi 'yan wasa biyar, ciki har da mai jifa Michael King. Saura wa Soto shekara ɗaya a lokacin ya zama mai 'yancin kansa, wato ya iya sa hannu da kulob ɗin da ya so, ya yi ta, Yankees suka kai World Series ta 2024, Los Angeles Dodgers suka doke su wasa 4 da 1, shi kuma ya ƙetara zuwa Mets. Har yau ana musu ko Yankees sun ci riba. Manhajar ba za ta raba wannan musun ba, amma shafin kowane ɗan wasa a MLB.com yana ɗauke da jerin ranakun da aka yi musayarsa, da ranar da ya sa hannu, da ranar da aka sa shi cikin masu jinya. Wanda ya ce Soto ya yi shekara biyu a Yankees, nan take za a nuna masa.

Amfanin wannan yana fitowa ne a Disamba, lokacin da shugabannin kulob da wakilan 'yan wasa ke taronsu na shekara, jita-jita ta cika Facebook da WhatsApp. A Disamba 2023 an wayi gari ana ta yaɗa cewa Shohei Ohtani yana cikin jirgi zuwa Toronto, mutane suna bin jirgin a intanet, ashe yana gidansa a California. Kashegari ya sanar da kansa a Instagram cewa Dodgers zai je. Na Carlos Correa ya fi wannan ban mamaki. A Disamba 2022 ya daidaita da San Francisco Giants a kan shekara 13, dala miliyan 350, gwajin likita ya tsayar da maganar saboda tsohon rauni a ƙafarsa. Mets suka shigo da shekara 12, miliyan 315, nan ma likita ya hana. A Janairu ya koma Minnesota Twins a kan shekara 6, miliyan 200. Don haka idan ka ga an rubuta cewa an daidaita amma ana jiran gwajin lafiya, ciniki bai faɗa ba tukuna. Labaran manhajar sukan bambanta tsakanin abin da majiya ta faɗa da abin da kulob ya tabbatar, kuma wannan layin guda shi ya kamata ka fara nema kafin ka tura wa abokai.

Ga mai karatu daga Kusiri ko Njamena, dalar da ake nufi a nan ta Amurka ce, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Miliyan 765 da Mets suka ba Soto a Disamba 2024 na shekara 15 ya haura sefa biliyan 400.

A nan ne kuma manhajar ta gaza. Ba ta da teburin albashi, kuma gardamar hunturu rabinta ta kuɗi ce. Ɗauki kwantiragin Ohtani: shekara 10, miliyan 700. Mai kallon kanun labari zai ce miliyan 70 ke nan duk shekara, ya fi Soto mai miliyan 51. Amma Ohtani miliyan 2 kawai yake karɓa a shekara, sauran miliyan 680 an ɗage biyansu zuwa tsakanin 2034 da 2043, ba ruwa a kai. Kuɗin da za a ba ka bayan shekara goma bai kai darajar na yau ba, shi ya sa a lissafin gasar ake ɗaukar kwantiragin a kan kusan miliyan 46 a shekara. Na Soto ba a ɗage ko sisi ba. Wannan lissafin yana da nauyi saboda besbol ba shi da iyakar albashi ta dole, haraji yake da shi: kulob ɗin da jimillar albashinsa ta wuce miliyan 237 a 2024, ko 241 a 2025, ko 244 a 2026, yana biyan haraji a kan rarar, kuma kason yana hawa idan ya maimaita shekara bayan shekara. Duk wannan sai dai ka tsinto shi a warwatse cikin labarai. Mai son teburi ya tafi Baseball-Reference, inda albashin kowace shekara yake a ƙasan shafin ɗan wasa, ko FanGraphs ko Spotrac don jimillar kulob. Dukansu ana buɗe su kyauta, kuma rubutu ne, ba sa cin data kamar bidiyo.

Haka ƙa'idar zama mai 'yancin kai, ba a jera ta a gaba inda sabon shiga zai gani. Sai ɗan wasa ya cika shekara shida a babbar gasa, kuma kwana 172 a cikin jerin kulob shi ne shekara ɗaya a wannan lissafin, abin da ke sa wasu kulob su jinkirta hawo da matashi da mako biyu ko uku don su ƙara shekara guda a kansa. Kwana biyar bayan World Series ake buɗe ƙofa ya sa hannu inda ya so. Tsohon kulob ɗinsa na iya yi masa tayin shekara ɗaya a kan kuɗin da aka ƙayyade, miliyan 21.05 bayan kakar 2024. In ya ƙi ya tafi wani wuri, tsohon kulob ya sami ƙarin zaɓi a ɗaukar matasa, sabon kuma ya rasa. 'Yan wasan da ke zuwa daga gasannin waje irin na Japan da Koriya ta Kudu ne cinikinsu ya yi kama da na ƙwallon ƙafa: bayan miliyan 325 na shekara 12 da Dodgers suka ba Yoshinobu Yamamoto, sun biya kulob ɗinsa Orix Buffaloes sama da miliyan 50.

Ta fuskar lambobin wasa kuwa ba laifi. A 2025 Cal Raleigh na Seattle ya buga homron 60 (dukan da ke fitar da ƙwallo bayan katangar fili), Aaron Judge ya buga 53 da matsakaicin duka .331, wato ya yi duka mai kyau a kusan ɗaya cikin uku na damarsa, aka ba Judge gwarzon American League, ɗaya daga rukunai biyu na gasar, da ƙuri'ar farko 17 a kan 13 na Raleigh. Duk lambobin nan suna cikin manhajar. Abin lura ɗaya: lambar WAR, wadda ke auna nasarori nawa ɗan wasa ya ƙara wa kulob fiye da in an sa ɗan cike gurbi, iri biyu ce ta fi yawo, ta Baseball-Reference da ta FanGraphs, kuma ba sa zuwa daidai, musamman ga masu jifa da masu tare ƙwallo a bayan mai duka. Mutum biyu na iya kwana suna musu kowa da gaskiyarsa. A fara tambaya: ta wane gida ka karanto?

Sai maganar kallo, inda kuɗi ke fita daga aljihu. Kamaru da Chadi suna gaban New York da awa biyar daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba. Wasan ƙarfe 7:05 na yamma a can sha biyu da minti biyar na dare ne a nan. Na Los Angeles na ƙarfe 7:10 yana farawa uku da minti goma, ya ƙare ana fitowa daga sallar asuba. Wasannin World Series ƙarfe ɗaya na dare. Na rana, wanda ake yi ƙarfe 1:05 a gabashin Amurka, galibi Lahadi da tsakiyar mako, shi ne ke faɗowa shida da minti biyar, daf da magariba, kuma shi kaɗai ne ɗan kasuwa ko ma'aikaci zai iya bi ba tare da ya yi gyangyaɗi a wurin aiki ba. Kowane kulob wasa 162 yake yi. Ka ƙirga nawa za ka iya kallo kai tsaye kafin ka biya. Kuɗin MLB.TV na shekara a Amurka a 2025 dala 149.99 ne, wajen jaka 85 zuwa 90 na sefa; ka duba abin da shafin zai nuna maka daga ƙasarka, ka kuma karanta sharaɗin wasannin Oktoba, domin haƙƙin nuna su ya danganta da ƙasa.

Data ita ce kuɗi na biyu, kuma lissafinta ba wuya. Bidiyon da ke gudu a kan megabit 3 cikin daƙiƙa yana cin mega 1,350 a awa. Tun da aka kawo agogon da ke ƙayyade lokaci tsakanin jifa da jifa a 2023 wasa ya dawo kusan awa biyu da minti arba'in, wato giga uku da rabi ko fiye a wasa ɗaya. A kan megabit 1, kusan giga 1.2. Bidiyon yana hawa da sauka ne gwargwadon ƙarfin rezo, kuma tsakar dare rezo ya fi sakewa, saboda haka daidai lokacin wasan ne wayar za ta ɗauki hoto mafi kyau ta shanye forfe. A sa wa wayar iyakar data da gargaɗi a saitin Android tun kafin a fara. Besbol kuma ba shi da minti casa'in. Wasa na uku na World Series ta 2025, Dodgers da Toronto Blue Jays, ya kai zagaye 18 maimakon tara da aka saba, awa shida da minti 39, sai wajen takwas saura na safiyar nan Freddie Freeman ya rufe shi da homron. Wannan a hoto mai kyau giga tara ne, ga batir da ba zai kai ba sai da abin caji na hannu.

Hanyoyin sauƙi suna cikin manhajar, kuma su ne suka sa muke yaba ta. Gameday kyauta ne: yana nuna kowace jifa, gudunta, inda ta faɗa, da wanda ke kan kowane tushe, duk da zane da rubutu. Sharhin rediyo na biya ne amma ya fi bidiyo araha nesa, kuma sauti a kan kilobit 64 bai kai mega 30 a awa ba. Akwai taƙaitaccen wasa da ake sakawa bayan an tashi, wanda za ka kalla kafin shayin safe ya huce, sannan a lokacin kaka akan saki wasa ɗaya kyauta kusan kullum ga mai rajista. Wanda zai kalli maimaici da safe ya shiga saiti ya kunna ɓoye sakamako, ya kuma kashe sanarwar maki, in ba haka ba allon waya zai gaya masa wanda ya ci kafin ya wanke ido. Ka yi tunanin wasa na bakwai na World Series ta 2025: Miguel Rojas ya farke wa Dodgers a zagaye na tara, Will Smith ya buga na nasara a na 11, Yamamoto ya shigo ya rufe bayan ya yi jifa a daren jiya, 5 da 4. Sanarwa guda ta isa ta kashe daɗin wannan duka. Sanarwar labarai ma a taƙaita ta ga kulob ɗaya, domin manyan ciniki sukan fashe da daren Amurka. Na Soto ya iso nan wajen huɗu na asuba.

Biyan kuɗi da katin banki ne irin Visa ko Mastercard, ko ta Google Play da App Store. Mai Orange Money ko MTN MoMo, ko Airtel Money da Moov a Chadi, sai ya bi ta katin da ake loda wa kuɗi, ya tabbata an buɗe masa sayayyar intanet ta ƙasar waje, ya kuma bar rara a kai saboda canji da kamashon banki, domin katin da ke ɗauke da daidai farashi sau da yawa ba ya wucewa. Rajistar shekara tana sabunta kanta kafin sabuwar kaka. Wanda ba ya so ya kashe wannan tun ranar da ya biya. Kakar kuma tana buɗewa ƙarshen Maris, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40. Waya mai kunna bidiyo tana kan caji cikin riga ta roba za ta yi zafi, ta rage haske, hoto ya fara tsayawa, mutum ya ɗora wa rezo laifi. A cire rigar, a caja ta cika kafin wasa.

Abu na ƙarshe da mai niyyar biya zai sani: manhajar ta masu kulob ce. Lokacin da suka rufe ƙofa ga 'yan wasa daga Disamba 2021 zuwa Maris 2022, kwana 99, MLB.com ta cire hotunan 'yan wasa da labaransu, ciniki ya tsaya cak, aka jinkirta buɗe kaka. Yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen wancan rikicin wa'adinta 1 ga Disamba 2026 ne. Duk shekarar da yarjejeniya ke ƙarewa, a riƙe kuɗi har sai an tabbatar da ranar wasan farko, kuma ko an tabbatar, a fara da rajistar wata ɗaya a ga wasa nawa ido ya iya kaiwa ƙarshe.