Ofishin lauyoyin da ke taimakon 'yan haya kyauta, tauraro 4 cikin 5 na ba su

Shekara 4 ina haya a gidan nan ba mu taɓa rubuta komai da mai gidan ba, magana ce kawai ta baki, nace zan riƙa biya duk wata yace to, ya miƙo min makulli shikenan. Rannan da daddare sai ga ɗansa wai nan da kwana 5 in kwashe kayana an samu mai sayen gidan. Washegari na samu mai gidan nace Baba dan Allah ku duba, yara suna tsakiyar zangon karatu ina zan kai su cikin kwana 5, sai cemin yayi ai babu takarda tsakaninmu don haka ba ni da ta cewa, in ban fita ba zai sa a canza kwaɗo. Wallahi daren nan ban runtsa ba, don nima a lokacin haka na ɗauka, wanda bai da takarda bai da haƙƙi.

Wata abokiyar aikina ce ta ban lambar wani ofishi da lauyoyi ke ba 'yan haya shawara ba a biyan ko sisi. Bari in fara da abinda ya ɓata min rai, wayar su. Na kira ya fi sau 10 ba a ɗauka, na tura saƙo a WhatsApp sai amsar inji wai za a tuntuɓe ni, mutumin da aka ba kwana 5 fa. Ƙarshe da ƙafata na je, na zauna a benci kusan awa 3 kafin layi ya zo kaina. Anan suka rasa tauraro ɗaya kuma ba zan mayar musu ba.

Amma da na shiga wajen Barista ɗin, wata matashiya ce mai magana a hankali, abin ya canza. Ina fara cewa matsalar ba mu da agirimen sai ta katse ni tace Malam kana biyan kuɗi? nace eh. Yana karɓa? nace duk wata. Tace to kuna da yarjejeniya, ba a rubuce take ba kawai. Tace dokokin ƙasashe da yawa sun yarda da hayar baki in dai ba ta dogon lokaci ba ce, kuma yadda kake biya shi ke nuna irin hayar da kake, mai biya duk sati daban, mai biya duk wata daban, mai biya shekara daban, kuma tsawon notis ɗin da za a baka galibi da wannan ake auna shi, mai biyan wata a wurare da dama ba a bashi ƙasa da wata ɗaya. Ta ƙara da cewa ainihin adadin kwanakin kowace ƙasa ko jiha da nata, kar in ɗauki na wani wuri in je ina cika baki da shi, sannan ta buɗe wanda ya shafe ni ta karanta min ta fassara min layi layi.

Abinda yafi kwantar min da hankali shine maganar kwaɗon. Tace ko notis ya ƙare mai gida ba shi ne zai fitar da kai da hannunsa ba, sai ya je kotu an bashi oda, kuma ma'aikatan kotu ne ke aiwatarwa. Canza makulli, yanke wuta ko ruwa, cire rufin ɗaki, watso kaya waje, turo ƙarti su tsorata ka, duk wannan a wurare da yawa shi ne zai kwana a ciki ba kai ba. Har misali ta ban, tace a Ingila dokar 1977 ta mayar da korar ɗan haya ba bisa ƙa'ida ba laifi ne da ake hukunta mutum a kai, a Afirka ta Kudu kuma cikin tsarin mulkinsu na 1996 ma aka sa, sashe na 26, ba a fitar da mutum daga gidansa sai da umarnin kotu. Na ga dai abin nan tana son sa, don ta so ta zarce har kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 da ta ambaci haƙƙin muhalli, ni kuwa lokacin kwaɗo ne kawai a raina.

Sai aikin tattara hujja, nan na ga amfanin su sosai. Ni a ganina ba ni da komai, ashe wayata cike take. Alat na banki na duk watan da na tura masa, saƙonnin da yake cewa ya gani, bil ɗin wuta da sunana da adireshin gidan, wasu tsofaffin rasit guda 6 da matata ta adana a cikin jaka ban ma san suna nan ba, ga maƙwabta biyu da suka san ranar da na tare. Tace in ɗauki hoton ɗakunan da kayana da ƙofar yadda take yanzu, in ajiye kwafi a wani wuri ba a wayar kaɗai ba. Kuma ta ja kunnena kan abu biyu, kar in daina biyan haya don haushi, don bashin haya shi ne babbar ƙofar da zai shigo min ta ita, in ya ƙi karɓa in tura ta banki ko in ajiye shaidar na kai ya ƙi. Na biyu kar in sa hannu a kowace takarda da zai kawo min yanzu sai na nuna mata.

Ba ta yi min daɗin baki ba kuma, wannan na yaba. Tace Malam gidan nasa ne, in ya bi hanya zai karɓi abinsa, abinda doka ta baka lokaci ne da mutunci ba gidan ba. Ta kuma ce da a ce ɗaki ne a cikin gidan da shi mai gidan yake zaune kuna haɗa kicin da banɗaki, a wasu ƙasashen kariyar ba ta kai haka ƙarfi ba.

Wasiƙa suka rubuta masa shafi ɗaya, ba zagi ba barazana, sun faɗi tun yaushe nake ciki, yadda nake biya, da abinda doka ta ce. Kwana 2 da kai masa ya kira ni da kansa, muryar nan duk ta sauka, wai ai ba sai an kai ga lauya ba ɗana. Aka zauna a ofishin nasu aka yi sulhu, ya ban wata 3, kuma wannan karon a rubuce da sa hannun shaidu.

Sauran ƙorafina kaɗan ne. Zuwana na biyu wani lauyan na tarar ba ita ba, sai da na sake bada labarin tun daga farko don fayil ɗin ba a rubuta komai sosai ba. Kuma sun faɗa min tun farko in abin ya kai kotu ba lallai su samu wanda zai tsaya min ba saboda yawan mutane, sai dai su haɗa ni da wani. Wanda zai je ya tafi da sassafe, ya tafi da katin shaida da duk wata shaidar biya a buga a takarda, don firintar su ranar da na je ba tawada.