Wane fim ɗin zombin Haiti ya cancanci kuɗinka?

Kafin ka saya, ka cire zombi mai cin naman mutane daga ranka, domin daga fim ɗin George Romero na 1968 aka samo shi. A Haiti, zombi mamaci ne da boka ya tono daga kabari ya tura shi aikin gonar rake, bawan da ko mutuwa ba ta 'yanta shi ba. Da wannan nake auna fina-finan nan.

White Zombie ya fito a 1932, lokacin da sojojin Amurka ke mamaye da Haiti (1915 zuwa 1934). Wurin injin matse rake kaɗai ya isa dalilin kallonsa: zombi ɗaya ya faɗa cikin injin, sauran suka ci gaba da juyawa ko waiwaye babu. Sai dai baƙaƙen fata duk a bayan fage suke, Turawa ne da labarin. Ka kula da kwafin da za ka saya, gurɓatattu sun yi yawa, hoto dishi-dishi, murya kamar daga cikin tulu.

The Serpent and the Rainbow na Wes Craven (1988) shi ya fi razanarwa, musamman inda aka binne mutum da ransa. Labarin ya zo daidai da faɗuwar shugaban Haiti Jean-Claude Duvalier a 1986, amma ya mai da vudu tsafin tsoratarwa, alhali addini ne mai tushe a Dahomey (Jamhuriyar Benin ta yanzu).

Zombi Child na Bertrand Bonello (2019) ya ɗauko labarin Clairvius Narcisse, ɗan Haiti da aka ce ya mutu a 1962 sai ga shi da rai a 1980, ya haɗa da makarantar 'yan mata da Napoleon ya kafa a Faransa. Tafiyarsa ta hawainiya ce, kuma da Faransanci yake. Masu karatu a Nijar da Kamaru ba su da matsala, sauranmu sai an nemi mai rubutun fassara.

In ɗaya tak za ka saya, ɗauki I Walked with a Zombie (1943). A wani tsibirin ƙage labarin yake, ba Haiti ba, amma a tsakar gidan masu gonar rake akwai gunkin da aka ciro daga jirgin bayi, kibau soke a ƙirjinsa, kuma mutanen wurin kuka suke yi ranar haihuwa. Nemi gyararren kwafin kamfanin Criterion, saboda rabin fim ɗin cikin duhu yake.