Na biya kuɗi a bi mini salsalar sunan Madugu, ga yadda muka kwashe

Tun ina firamare a Gangare ake kirana Madugu a rajista, kuma ban taɓa tambayar inda sunan ya samo asali ba. A gidanmu an ɗauki maganar a matsayin wadda ta ƙare: kakanmu shugaban ayari ne, shi ke nan. Sai bara 'yata ta dawo daga makaranta da aikin gida, wai ta jera kakanninta har hawa huɗu. Na kai hawa biyu na tsaya cak. Mahaifina ya rasu, ƙannensa maza duk sun riga mu gidan gaskiya, Gwaggo ce kaɗai ta rage, ita ma ta haura 80.

A lokacin na ci karo da tallan wasu matasa biyu a Facebook, a nan Jos suke, suna cewa suna bin salsalar iyali, su buga ta a takarda, su haɗa da jerin fitattun mutanen da suka yi suna da sunan gidanku. Na biya naira dubu 80, rabi kafin aiki, rabi bayan an gama. Sun ce mako 6. Wata 4 aka yi, kuma akwai makonni uku a tsakiya da saƙona na WhatsApp ke shiga ba amsa. Wannan ne laifinsu na farko, kuma ba shi ne babba ba.

Hirar da suka yi da Gwaggo ita ce ta biya kuɗin. Babban cikinsu, wanda ya karanta tarihi a jami'a, ya san yadda ake zama gaban tsohuwa. Ya zo da goro da sabulu, ya cire takalmi tun daga zaure, ya ƙi kujera ya zauna a tabarma. Bai fara da "wane ne ya haifi wane" ba. Sai ya tambaye ta irin tsagar da ke fuskar mahaifinta, da kirarin da ake masa, da waɗanda suke wasan barkwanci da su. Da ta ce Zazzagawa ne abokan tsokanarsu, ya dube ni ya ce to, an nufi ƙasar Kano ke nan. Da suka zo kan mijinta da ɗanta na fari ta yi gum, domin alkunya ba ta bar ta ta ambaci sunayensu ba. Bai matsa mata ba, ya bar gurbin, ni na cike masa a waje.

Can ya ce, "Hajiya, ayari nawa Baba ya jagoranta zuwa Gwanja?"

Gwaggo ta yi dariya har da tari. Ta juyo gare ni ta ce, "Kai ɗan nan, wa ya ce maka Malam madugu ne? Yaron madugu ne. Jakuna yake kora. Na-Madugu ake ce masa."

Ashe haka abin yake. Kakana bara ne a gidan wani madugun fataken goro, yana bin ayari zuwa Gwanja, kasuwar goro a arewacin Ghana ta yau, tun yana yaro. A tsarin ayari madugu ne shugaba, jagaba na gaba yana duba hanya da zango, sauran kuwa masu kaya ne da yaransu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko sannan a ɗoro shi a dogo, tafiyar ƙasa ta watanni ta fara mutuwa. Shi ne ya gangaro tudun Jos da jakunansa, inda haƙar kuza ke jan mutane daga ko'ina, yana dakon hatsi da gishiri zuwa barikokin lebura. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso nan a 1914, amma tsakanin tasha da bariki jaki ne ke aiki. Ranar da aka kai mahaifina makarantar elamantare, malamin da ke rubuta sunaye ya yar da "na" ɗin. Harafi biyu suka faɗi, muka wayi gari jikokin shugaban ayari.

Ban ji daɗi ba a ranar, gaskiya. Na yi shekaru ina faɗa wa abokan aiki labarin kakana a kan doki yana gaban raƙuma.

Sun je Kaduna kamar yadda suka yi alkawari, gidan adana tsoffin takardu na ƙasa da kuma Arewa House. Sunan kakana bai fito ba, kuma sun faɗa mini haka ba tare da kwana-kwana ba, abin da na yaba. Rahotannin haraji na zamanin Turawa sun fi damuwa da hakimai da dagatai da adadin masu biya da yawan dabbobi. Mai korar jaki a cikin lissafi yake, ba a cikin jerin sunaye ba. Abin da suka kawo shi ne hoton wasu shafuka kan zuwan 'yan kasuwa filayen kuza, wanda ya dace da labarin Gwaggo.

Inda muka saɓa shi ne shafi 6 na ƙarshe, sashen fitattun masu sunan. Kamar ba mutumin da ya zauna a tabarmar Gwaggo ne ya rubuta shi ba. An shiga intanet an kwaso duk wanda ake kira Madugu an jera, har da Justine Madugu, kocin da ya ci wa Super Falcons kofin Afirka na mata a Maroko a 2025. Mutumin kirki ne da ya faranta wa ƙasa rai, amma me ya haɗa mu? An kuma sa sakin layi guda da ke nuna wai mai yiwuwa muna da alaƙa da gidan Alhassan Ɗantata, tunda shi ma daga fataucin goro ya taso. Dubban mutane sun bi hanyar Gwanja, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari da barorinsu, ba su zama 'yan gida ɗaya ba.

Wannan sashe kwaikwayo ne na ƙasashen da sunan dangi ke bin jini ɗaruruwan shekaru, kamar Ingila. Bahaushe ba haka ya gaji suna ba. Sunanka ne da na mahaifinka, sai laƙabi na gari ko sana'a ko sarauta. Makarantar boko da takardun gwamnati ne suka daskarar da na biyun. Sardauna Ahmadu Bello da sunan Ahmadu Rabah ya yi karatu a Kwalejin Katsina. Shagari gari ne, Tafawa Ɓalewa gari ne, kuma ba wanda zai ce duk mai amsa sunan Kano ɗan'uwan Malam Aminu ne. Shi kansa Ɗantata daga Tata ya samo sunan, matar da ta rene shi. Da waɗannan misalan suka sa a sashen, da na ƙaru fiye da jerin baƙin da suka ba ni.

Na faɗa musu haka ranar biyan cikon kuɗi. Ƙaramin ya ce yawancin masu kawo aiki shafin nan suke fara buɗewa, kuma in ba su ga sunan wani babba ba sai su ce ba a yi komai ba. Na yarda da shi, don ni ma nan na fara buɗewa.

Duk mai niyyar ba su aiki, ya biya kuɗin hira da na zuwa Kaduna, ya ce su bar jerin fitattun, ya kuma rubuta ranar kammalawa a yarjejeniya. Ya nemi a ba shi muryar da aka naɗa, ba rubutun kaɗai ba. Tawa ta kai awa 3, a ciki Gwaggo ta rera kirarin mahaifinta, wanda ko mahaifina ban taɓa jin ya yi ba.

Jadawalin zuriyar sun buga shi da kyau a takarda mai kauri, hawa huɗu cif, sai dai a saman an rubuta Madugu. Na mayar musu na ce a gyara zuwa Na-Madugu. Sun caje ni kuɗin sake bugu, na biya. 'Yata kuwa tuni ta miƙa aikin gidanta da hawa biyu, zangon karatun ma ya ƙare kafin takardar ta iso.