Motar rimot a ƙasar ƙura: ka duba giya kafin ka tambayi gudu

Mai neman motar rimot ta gaske, irin wadda ake kwancewa a gyara a sake ɗaurewa, yawanci abu biyu yake tambaya: nawa take gudu, nawa ne kuɗinta. Wanda ke zaune a Garwa ko Marwa ko Njamena yana da tambaya ta uku da ta fi waɗannan nauyi: ta wace hanya ƙarfin inji yake isa ga taya, kuma hanyar nan a rufe take ko a buɗe? A nan kayan gyaran waɗannan motoci ba a bakin titi suke ba. Giya guda ta roba idan ta cinye haƙora, sai ka yi oda daga waje, ka jira kaya su sauka Duwala ko Yawunde, sannan su hauro arewa. Motar da ka kashe wa kuɗi tana iya yin makonni a kan kanta saboda abin da bai kai girman murfin kwalba ba.

Hanyar juyin gajeriya ce. A bakin injin lantarki akwai ƙaramar giya, ita ke juya babbar giya. Daga nan juyi ya wuce zuwa difaranshal, wato giyar da ke raba shi tsakanin tayar dama da ta hagu, sannan sandunan taya su kai shi ƙafafu. A mota mai jan ƙafa huɗu galibi akwai difaranshal biyu, gaba da baya, kuma dole wani abu ya haɗa su: ko bel, ko farfela. Zaɓinka na farko ke nan.

Bel yana da kyau a inda aka yi shi domin wurin. Motocin tsere na kan kafet da kwalta mai tsabta suna amfani da shi saboda ba shi da nauyi kuma juyinsa da laushi. Amma bel a fili yake tafiya, yana bin haƙoran fuli. Tsakuwa ɗaya ta shiga tsakani, sai ka ji motar tana ƙas-ƙas, bel yana tsallake haƙori. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke sauke ƙura a kan komai, ko kwaltar cikin gari ba ta rabuwa da yashi. Ni dai ba zan ba kowa shawarar mota mai bel a yankinmu ba, sai mai fili na siminti da yake sharewa kullum.

Farfela ta fi dacewa da mu. Sanda ce guda da ta ratsa tsakiyar mota, giyoyinta na gaba da baya suna cikin akwati a rufe. Misalin da ya fi yaɗuwa shi ne Tamiya TT-02, ta kamfanin Japan, mai girman kashi ɗaya cikin goma na mota, wadda ta fito a 2013. Sai dai ita TT-02 ta asali cikinta kusa da ƙasa yake, don kwalta aka yi ta. Mai son hawa tsakuwa da ƙasa ya nemi 'yar'uwarta TT-02B, mai dogayen ƙafafu da manyan tayoyi.

Akwai kuma zaɓin da mutane ke rainawa: mota mai jan ƙafa biyu na baya kawai, kamar Tamiya DT-03 ko Traxxas Slash mai jan baya, wadda ta fito a 2008. Difaranshal ɗaya, sandunan taya biyu, babu farfela, babu bel. Rabin abin da zai iya lalacewa babu shi tun farko. Gaskiya ne a yashi mai laushi tana jujjuya ƙugu, kuma sai ka koyi taka mata wuta a hankali. Amma ga wanda motarsa ta farko ke nan, kuma yana nesa da kayan gyara, wannan sauƙin ya fi ƙarin riƙon ƙasa daraja. Slash tana da wani faifan kuloci a jikin babbar giya, wanda ke sulɓewa kaɗan idan mota ta diro daga tsalle, ya kare haƙora daga karyewa. In ka ji inji yana kuka mota ba ta ja sosai, ƙila faifan nan ne ya yi sako-sako, noti ɗaya za ka ƙara ɗaurewa.

Sai batun ko za ka sayi wadda aka riga aka haɗa, ko wadda za ka haɗa da hannunka. Haɗaɗɗiya tana zuwa da rimot ɗinta, sau da yawa har da batir da caja. Masu araha irin WLtoys 144001, mai girman kashi ɗaya cikin 14 da jan ƙafa huɗu, suna da gudu sosai don kuɗinsu, kuma kayan gyaransu sun cika kasuwannin intanet. Amma ba ka ga cikinta ba. Duk wanda ya sayi mai araha, kafin ya sa mata batir ya buɗe difaranshal ya ga ko akwai giris, ya bi sukurorin ƙarfe ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar sun ɗauru. Wadda za ka haɗa da kanka kuwa, kwalinta ba ya ƙunsar rimot da batir da caja da servo na sitiyari, wato ƙaramin injin da ke juya ƙafafun gaba, don haka ka lissafa su a kuɗinka tun farko. Ribarta ita ce ranar da ta fara wata ƙara, ka san abin da ke ƙarƙashin kowane murfi. A wurin da kai ne makanikin kanka, na fi karkata ga wannan.

Yanzu ga abin da nake so mai saye ya riƙe sosai. Yawancin matsalar da sabuwar mota ke nunawa a ranar farko daga haɗi take, kuma mutane suna yin odar kaya a banza saboda ba su bincika ba. Gwajin farko ba ya cin ko sisi: cire ƙaramar giya daga bakin inji, ka tura motar a kan daɓe. In ta gangara da kanta shiru, to daga babbar giya zuwa taya lafiya lau, matsalar tana wajen inji ko haɗuwar giyoyin biyu. In ta tsaya nan take, akwai abin da ya cije. Sassauta notin taya kaɗan ka sake turawa, domin notin da aka ɗaure fiye da kima yana matse abin da taya ke juyawa a kai. Bai sake ba? Sassauta sukurorin akwatin giya kwatan juyi, roba ce, ɗauri mai tsanani yana murɗa ta. Har yanzu? Cire sandunan taya ɗaya-ɗaya har ka kama ƙafar da ke riƙewa.

Wani kuskure da ke ruɗa sababbin masu haɗa mota mai farfela: an gama komai, an taka wuta, mota ta yi gurnani ta tsaya cak tana karkarwa. Ɗaga ta sama ka sake takawa a hankali. Idan tayoyin gaba suna juyawa gaba, na baya suna juyawa baya, difaranshal ɗaya aka sa a juye, babban zoben haƙoransa ya koma ɗaya gefen. Ciro shi, juya shi, shi ke nan. Kada ka ci gaba da takawa kana zaton batir ne, haƙora kake nikawa.

Mu koma ga abin da ya kamata ya shiga oda tare da motar. Na farko boris. Motocin Tamiya masu sauƙin kuɗi, har da TT-02 da DT-03 na asali, suna zuwa da bushin roba a inda ya kamata boris ya zauna. Bushi yana buƙatar giris, giris yana kama ƙura, ƙura da giris kuwa in sun haɗu sai su zama kamar dutsen wasa wuƙa, su ci sandar ƙarfe har taya ta fara rawa. Sayi cikakken saitin boris na samfurin motarka, mai murfin roba a gefe biyu, domin mai murfin ƙarfe yana barin ƙura mai laushi ta kutsa. Girman da ya fi yawa a Tamiya shi ne milimita 5 a ciki, 11 a waje, 4 kauri. Ka sa su tun ranar haɗi. Sa su daga baya yana nufin kwance motar gaba ɗaya.

Na biyu ƙaramar giya ta baƙin ƙarfe. Wadda ke zuwa a kwalin waɗannan motoci ta alminiyam ce, tana cinyewa ta bar baƙin gari mai kaifi da ke cin babbar giyar roba. A nan ne masu oda suka fi asara, domin haƙoran giya suna da ma'auni kala-kala kuma a hoto duk kamanninsu ɗaya. TT-02 tana amfani da module 0.6, DT-03 tana amfani da module 0.8, Slash mai jan baya kuwa 48 pitch, ma'aunin Amurka, wanda ya yi kusan 0.53. Giyar 48 pitch za ta yi kamar ta shiga cikin ta 0.6, har ta juya, amma da kuka mai tsini, kuma cikin ɗan lokaci haƙora za su kwanta. Ita 32 pitch ce kaɗai ta kusa da 0.8 har ake haɗa su. Duba kuma ramin tsakiya: injin girman 540 sandarsa milimita 3.175 ce, manyan injuna suna da ta milimita 5. Ƙaramin sukurun da ke riƙe giyar dole ya zauna a gefen sandar da aka fafe ya yi fili, da ɗigon shuɗin gam ɗin sukuru. In ba haka ba, wata rana inji zai yi ta kuka mota tana tsaye. Gam ɗin nan ƙarfe da ƙarfe kawai, yana lalata roba.

Tazarar da ke tsakanin giyoyin biyu ita ma tana raba motoci. A Slash da makamantanta kai ne za ka matsa inji ka daidaita: ka sa siririyar takarda tsakanin haƙora, ka matse, ka ɗaure, ka zare takardar. Ya kamata babbar giya ta yi ɗan motsi kaɗan in ka girgiza ta. Ta matse da yawa, inji ya yi zafi. Ta yi nisa, haƙora su goge. A TT-02 an huda wa inji ramuka, kowane adadin haƙora da raminsa, don haka babu daidaitawa, sai dai ka karanta littafin ka sa a ramin da ya dace. Sabon shiga ya fi samun kwanciyar hankali da wannan tsari.

Difaranshal iri biyu ake sayarwa. Mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe yana da laushi, masu tsere suna sonsa, amma yana son a riƙa buɗe shi ana wankewa ana daidaita ɗaurinsa, kuma ƙura tana sa shi gurzawa. Ka bar shi. Mai giya ya fi juriya, in ka samu wanda aka rufe da man silikon a ciki ya fi. Idan sabuwar mota tana ƙat-ƙat a baya lokacin da ka taka wuta da ƙarfi ko ka taka birki, galibi giyar farfela ce ba ta zauna sosai a cikin zoben difaranshal ba, siraran washa na milimita 0.1 ko 0.2 suke gyara wannan. Fakiti ɗaya ya isa shekaru. Sandunan taya kuwa, masu ƙulu da fil a kai biyu suna iya zamewa su faɗi idan mota ta yi tsayi da yawa ko ƙafa ta buɗe, kuma wanda ya taɓa neman sanda mai tsawon yatsa a rairayin kogin Mayo Kaliyawo na Marwa ya san ba a samunta. Irin sandunan da ake kira CVD a maƙale suke da gindin taya, ba sa faɗuwa. Ka saya wa ƙafafun gaba idan aljihu ya yarda. In bai yarda ba, ka ƙara sanda biyu a oda.

Batun inji ne ke jan hankalin matasa, kowa yana son marar burushi, wato wanda ba shi da gawayin da ke goga a cikinsa, saboda gudu. Ka yi haƙuri da shi tukuna. Ƙarfinsa yana tona duk wani rauni a hanyar juyi: farfelar roba ta lanƙwashe, kofunan sanda su cinye, babbar giya ta zube. Injin burushi da ya zo a kwali ya isa koyo, kuma in ya ƙone sabonsa ba shi da tsada. Ka tuna da zafinmu. A Maris da Afrilu Garwa da Marwa da Njamena suna haura digiri 40, kwalta kuma ta fi iska zafi, alhali masu harkar suna ƙoƙarin kada inji ya wuce kusan digiri 70 zuwa 80. Ratar da ta rage maka kaɗan ce. Maganinta rage haƙoran ƙaramar giya. TT-02 tana zuwa da babbar giya mai haƙora 70 da ƙarama mai 22, inji yana juyawa sau 8.27 kafin taya ta juya sau ɗaya. Ka sa mai 19, lissafin ya koma 9.58: gudu ya ragu kaɗan, inji ya huta, batir ya daɗe. In za ka sayi giyar ƙarfe, ka sayi biyu, ta sanyi da ta bazara. Bayan minti biyar na gudu ka taɓa inji. In yatsa ba zai iya zama a kai na daƙiƙa uku ba, tsaya.

Ga wanda zai yi wasa a filin ƙwallo na unguwa ko hanyar ƙasa, DT-03 da boris da giyar ƙarfe nake zaɓa masa, ko Slash mai jan baya idan yana da ƙarfin kuɗinta kuma ba ya son haɗi. Mai son jan ƙafa huɗu ya ɗauki TT-02B. Mai ƙaramin kuɗi ya ɗauki haɗaɗɗiya mai araha, amma ya saka babbar giya biyu da difaranshal guda na ajiya a oda ɗaya, don kada ya biya kuɗin aike sau biyu. In farashin da Yuro yake, lissafi da sauƙi, Yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya canzawa, sai ka ɗora kuɗin aike da na kwastan. Mai haɗa Tamiya ya nemi sukundireba mai ma'aunin JIS, domin na Phillips da ke kasuwa yana cinye kan sukurorinsu. Batir kuma ka tambayi mai sayarwa tun kafin ka biya ko zai iya aiko da shi, saboda jiragen sama suna da dokoki masu tsauri a kan batirin lithiyam, kuma wasu dillalai suna cire shi daga kwali. Batirin NiMH mai volt 7.2 ya fi nauyi, bai kai na lithiyam irin LiPo mai 7.4 ƙarfi ba, amma ya fi haƙuri da zafi da cajar da wutar gari ke katsewa, kuma duk motocin Tamiya da Slash da na ambata suna karɓarsa.