Glamis ko Oregon: ina za a kai babur da tanti a watan Yuli?

Ɗan'uwa, ka ce hutunka ya faɗo a watan Yuli, kana Amurka, kai da abokanka kuna son ku ɗauki 'yan kwanaki kuna tuƙa babur mai ƙafa huɗu a tuddan rairayi, ku kwana a tanti, kuma wurare biyu ne suka tsaya maka a rai: Glamis da ke Kalifoniya, da tuddan bakin teku na jihar Oregon. Kana tambaya wanne ya fi. In dai Yuli ne, ka nufi Oregon. Da a Disamba ka yi wannan tambayar, da Glamis zan ce maka ba tare da dogon tunani ba. Bari in jera maka su ka ga dalili, domin a hoto da bidiyo Glamis ce ke cinye gasar kullum, kuma nan ne mutane ke ruɗuwa.

A takarda kamar tagwaye suke. Glamis wani yanki ne na tuddan Algodones, a kusurwar kudu maso gabashin Kalifoniya, dab da iyakar Arizona da Meziko. Tsawon rairayin ya kai kimanin kilomita 65, faɗinsa wajen kilomita 8, wasu tuddan kuma sun kai mita 90. Hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya, wato BLM, ita ke riƙe da wurin. Tuddan Oregon su ma kimanin kilomita 65 ne, sun miƙe a gefen tekun Fasifik daga garin Florence zuwa Coos Bay, wasu sun kai mita 150 daga doron teku. A 1972 aka keɓe su a matsayin wurin shaƙatawa na ƙasa, kuma hukumar gandun daji ce ke kula da su. Iyakar kamarsu ke nan.

Zafi shi ne maganar farko, kuma kusan shi ne maganar duka. A Glamis, Yuli da Agusta zafin rana kan haura digiri 43 a ma'aunin Salshiyos, abin da Amurkawa ke ƙirgawa 110 a nasu ma'aunin. Wannan zafin iska ne a inuwa, alhali inuwar ma babu ita. Rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarka ya fi haka nesa ba kusa ba. Dare kuma ba ya kawo sanyin kirki, ƙasa na ta amayar da zafin da ta sha har asuba, sai ka kwana kana juyi a tanti, ka wayi gari a gajiye kafin ka taɓa babur. Ka lura da wani abu: takardar izinin shiga da ake saya a Glamis daga 1 ga Oktoba zuwa 15 ga Afrilu ake buƙatarta. Wasu na jin haka sai su ce ashe bazara kyauta ce. Kyauta ce don ba kowa. Masu rumfunan sayar da kayan gyara sun tattara sun tafi, jama'ar da za su tsaya su ja ka in ka kafe ba sa nan, kuma idan babur ya mutu maka kilomita biyar cikin rairayi da tsakar rana, tafiyar ƙasa zuwa titi na iya zama ajalin mutum. Ba tsoratarwa nake yi ba, lissafi ne na ruwan jiki da nisan tafiya.

Injin ma yana shan tasa wahalar. Rairayin da ya bushe ƙayau ya yi zafi yakan yi laushi, taya ta riƙa nutsewa, sai ka ƙara totur don ka ci gaba da tafiya, injin na ta ihu amma gudun kaɗan ne, iskar da ke bi ta lagireto kuwa ita kanta mai zafi ce. A ƙananan motocin rairayi masu kujeru gefe da gefe, bel ɗin da ke juya giya shi ke fara gajiya, zafi ne babban abokin gabansa, yana tsinkewa kuma ka tsaya cak.

Oregon a wannan watan wata duniya ce daban. Ruwan tekun wajen mai sanyi ne, shi ya sa da wuya zafin rana a bakin gaɓa ya wuce digiri 20 da 'yan kai. Da safe hazo kan rufe tuddan, rairayi ya ɗan jiƙe da raɓa ya yi ƙarfi, taya ta kama ƙasa sosai. Da rana ta karkata sai iska ta taso daga arewa maso yamma, mai ƙarfi, mai ɗauke da yashi. Don haka wanda ya shirya kayan zafi zalla zai sha mamaki: rigar sanyi da bargo mai kauri suna cikin kayan dole, a tsakiyar Yuli.

Sai dai kada in yi maka rufa-rufa, tuƙin ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan Glamis ta fi. Can rairayi ne tsantsa iya ganinka, manyan kwaruruka masu kama da akushi waɗanda za ka shiga ka riƙa zagaya bangonsu, ka fita daga wannan ka faɗa wancan, sa'a guda ba ka maimaita hanya ba. Ga tudun Oldsmobile inda ake taruwa ana gwada ƙarfin inji. A arewacin babbar hanya mai lamba 78 akwai yankin da aka hana ababen hawa shiga, wanda a 1994 aka mayar da shi keɓaɓɓen daji. A Oregon kuwa filin a yanke yake. Wurare uku ne manya ake tuƙi: kudancin Florence zuwa Siltcoos, da Winchester Bay, sai kuma daga Spinreel zuwa Horsfall kusa da Coos Bay. Tsakaninsu akwai yankunan da mai tafiya a ƙasa kaɗai ke shiga, saboda haka sai ka ɗora babur a tirela ka bi titi in za ka canza wuri. Abin da Oregon ke ba ka a madadi shi ne bambanci: tsibiran itatuwa a tsakiyar yashi, ƙananan tafkuna, siraran hanyoyi masu ratsa daji, sannan a wasu wuraren ka sauka har bakin teku. Ni dai a ganina, ga ayarin da ke da sababbin hannu, wannan ya fi daɗi, don mutum na da alamar da zai gane inda yake. A Glamis kowane tudu kamar ɗan'uwansa yake, ɓata ba ta da wuya.

Akwai haɗari guda da wuraren biyu suka yi tarayya a kai, kuma shi ya fi kai mutane asibiti. Iska na tura yashi ya hau tudu a hankali ta gefe ɗaya, sai ya zube ta ɗaya gefen a tsaye, gangara mai kusan digiri 30 zuwa 34. Kai da ke hawowa ta gefen mai sauƙi ba ka ganin komai sai sama. Ka taho da gudu, ƙafafun gaba su wuce ƙoli, sai ka tarar babu ƙasa a ƙarƙashinsu, hancin babur ya soki rairayi, kai kuma ka wuce ta saman sitiyari. Masu hannu ba sa tunkarar ƙoli kai-tsaye. Suna sassauta totur kafin su isa, su karkata su bi gefen ƙolin kamar mai leƙa rijiya, su ga abin da ke ƙasa, sannan su juya su sauka a miƙe, ba tare da danna birkin gaba ba. Da tsakar rana abin ya fi muni, domin rana na bisa kai, babu inuwar da za ta nuna maka rami ko gangara, komai ya zama fari fat. A bazara rana kan daɗe a sama, wato sa'o'in makantar nan sun fi yawa. A Oregon hazo na yin irin wannan aikin da safe, ga kuma iskar yamma da ke sassaƙa sababbin ƙololuwa masu kaifi, tudun da ka bi jiya lafiya yau ya canza fuska.

Shi ya sa tuta take dole a ko'ina, doguwar sanda mai jan ƙyalle ko ruwan lemo, don wanda ke ɗaya gefen tudu ya hango ka kafin ku yi karo. Kalifoniya na neman tsayin ƙafa 8 daga ƙasa, Oregon ƙafa 9. Ka sayi mai ƙafa 10 ka huta, ta ishe ka har a tuddan jihar Mishigan. Oregon ta fi tsanani a kan ƙara: a tuddan akwai iyakar ƙarar da ba a yarda salansa ta wuce ba, kuma jami'ai na aunawa, saboda akwai gidajen mutane kusa. Mai tuƙa babur mai ƙafa huɗu kuma sai ya mallaki katin shaidar ya yi kwas na kiyaye haɗari, wanda ake yi a intanet, ban da takardar izinin abin hawan kansa. Daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Satumba ana killace wasu sassan gaɓar saboda wata 'yar tsuntsuwar bakin ruwa da ke ƙwai a kan yashi, kuma hutunka ya faɗa tsakiyar wannan lokacin, don haka ka mutunta igiyoyi da allunan da za ka gani. Hular kwano kuwa, Kalifoniya ta wajabta wa kowa, Oregon ga 'yan ƙasa da shekara 18. Ka sa taka ko ba a tambaye ka ba.

Kwana fa? Glamis fili ne ka zaɓi inda ka ga dama, ko a gefen hanyar Gecko ko a busassun magudanan ruwa da ke gabashin tuddan. Akwai banɗakuna a wasu wuraren, amma ruwa da inuwa da wuta duk kai za ka zo da abinka, shi ya sa yawancin masu zuwa can da motocin kwana masu na'urar sanyaya ɗaki suke zuwa. Oregon na da sansanoni shiryayyu irin su Horsfall da Spinreel da Driftwood II, inda za ka tashi daga bakin tantinka ka hau rairayi kai-tsaye. Akwai kuma wuraren kwana a cikin yashin kansa, masu lamba, da ake kamawa tun kafin a zo. Matsalar ita ce Yuli ne kakar wurin, kowa can ya nufa, ƙarshen mako kan cika tun da watanni. Wajen ƙarshen Yuli ko farkon Agusta kuma ana bikin DuneFest a Winchester Bay. In kana son cunkoso da tsere, ka daidaita da shi, in ba ka so, ka kauce wa makon.

Wata 'yar shawara kan tanti, tunda iskar Oregon ba ta wasa. Siraran turakun da ke zuwa cikin jakar tanti ba sa riƙe yashi, iska ɗaya za ta zare su. Ka ɗaure igiyar a tsakiyar guntun itace ko jakar da ka cika da rairayi, ka haƙa rami kamar kamu biyu, ka kwantar da shi a gicciye, ka binne ka tattake. Ƙofar tanti ta ba iska baya, mota kuma ta tsaya ta gefen da iskar ke fitowa. Ka yi wannan da hantsi, kafin iskar ta taso, don kafa tanti da ƙarfe huɗu na yamma a can kokawa ce.

To, idan abin da ke ranka manyan kwarurukan nan ne irin na Glamis, kuma Oregon ta yi maka ƙanƙanta, akwai na uku da ban ji ka ambata ba: St. Anthony a gabashin jihar Aidaho, kusa da garin Rexburg. Farin yashi ne mai faɗin eka 10,600, tuddansa na kaiwa mita 120, kuma wurin na bisa tudu kimanin mita 1,500 daga doron teku. Rana na da zafi a Yuli, amma irin wanda ake iya jurewa, dare kuma ya yi sanyi a yi barci. Akwai sansanin Egin Lakes a bakin rairayin, kuma gandun Yellowstone ba shi da nisa in kuna son ku haɗa tafiya biyu. Can bazara ce kakar tuƙi, don da hunturu ana rufe yawancin wurin saboda namun dajin da ke sauka su yi kiwo. Illa dai tsayin wurin na rage wa inji ƙarfi, wajen kashi 3 cikin 100 a kowace mita 300 ga injin da ba shi da tabo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, za ka ji haka a hawan manyan tuddai irin Choke Cherry. Kuma gangarensa ba na ɗan koyo ba ne.

Tuddan Silver Lake na Mishigan ma na buɗe daga Afrilu zuwa Oktoba, a bakin tafki, yanayi mai daɗi, amma filin tuƙin eka 450 ne kacal kuma ba a kwana a cikinsa. Wurin yini ɗaya ne ga wanda ke gabashin ƙasar. Tuddan Dumont kuwa, da ke kusa da Death Valley a hamadar Kalifoniya, hukuncinsu ɗaya da na Glamis.

Ba ka faɗa ba ko da baburanku za ku je ko haya za ku ɗauka, kuma wannan na iya canza lissafin. In haya ce, Oregon ta sake samun maki, don akwai masu bayar da haya dab da rairayin a yankin Florence da Winchester Bay da Coos Bay, ba sai kun nemi tirela ba. Amma ka tambaye su tun a waya: awa nawa ake ba da babur, wane yanki aka yarda ka kai shi, ana barinsa ya kwana a sansaninka ko sai ka mayar da yamma, kuma wa ke biya in ya kafe ko ya kife. In kuwa da motarku mai jan ƙafa huɗu za ku shiga yashi da kaya, ku rage iskar taya zuwa wajen 15 a ma'aunin psi kafin ku bar kwalta, ku riƙe shebur da igiyar ja da famfon da za ku mayar da iskar in za ku fita.