Fitilar VSC ta ƙi mutuwa: wace na'ura ce ta cancanci kuɗinka?

Mai Camry ko Corolla 'yar Kwatano ya san wannan fitilar gargaɗin da ke kamawa a mita, ta tsarin hana mota zamewa. Toyota na kiran tsarin VSC, Honda VSA, Mercedes kuma ESP, amma aikin ɗaya ne: kwamfutar mota na auna inda sitiyari ya nufa da inda motar take juyawa, in suka saɓa sai ta taka wa taya ɗaya birki. Bayan alaimen ko canjin sensa, dole a sake nuna mata inda "miƙe" yake, in ba haka ba ta riƙa cafke birki a kwana ba gaira ba dalili.

Ni dai Techstream na zaɓa, manhajar Toyota da kanta, a kan laftof da kebul ɗin Mini VCI. Tana shiga kwamfutar birki kai tsaye, ta nuna maka lambar matsala C1210 ko C1336, wato saitin sifili (nuna wa kwamfuta inda "miƙe" yake) bai kammala ba. Ka ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri, sitiyari a miƙe, giya a P, kada kowa ya jingina da ita. Ka goge tsohon saiti, ka yi sabo, sannan ka duba ko digirin sitiyari ya dawo kusa da 0. Wannan dubawar ce ta saye ni. Motocin kamfanin Toyota kawai take yi, irin su Toyota da Lexus, ni kuwa su nake hawa.

Na'urorin binciken mota na Autel da Launch X431 na aiki, amma kuɗinsu na mai gareji ne. Yin saitin ba na'ura, ta hanyar haɗa fil na 4 da na 12 da waya a ramin OBD2, inda ake soka na'urar bincike a mota? Kuskure kaɗan ka taɓa na 16, mai wutar batir.

Sai ELM327 ɗin nan na Bluetooth, ɗan abin da ake sokawa a ramin a karanta lambobin matsala ta wayar hannu. Yawanci lambobin inji kawai yake karantawa, kuma jabu sun cika kasuwa. Wanda aka rubuta wa v1.5 ma, kamfanin asali bai taɓa fitar da shi ba. Da irinsa wani bakanike ya cuce ni: ya soka, ya daddanna waya, ya karɓi kuɗi, fitila ta mutu. Ashe baƙin salatif ya liƙa mata ta cikin mita! Sai da motar ta fizge ni a kwana ranar ruwan sama na gane. Yanzu kafin in biya kowa sai na murɗa makulli na ga fitilar ta kama na 'yan daƙiƙoƙi ta mutu da kanta. Haka nake yi wa duk motar da dillali ya kawo min.